Wa Ke Riƙe Da Ƙofar Ɗakin Maigida?

A watan Maris na 2007, saura 'yan makonni a yi zaɓe, jita-jita ta cika gari cewa ɗan takarar PDP, Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya rasu a wani asibiti a Jamus. Shugaba Olusegun Obasanjo yana kan dandamalin yaƙin neman zaɓe a Abeokuta, sai ya sa aka kira masa shi a waya, ya kara wayar a lasifika, ya tambaye shi a gaban dubban jama'a ko ya mutu ne. Umaru ya amsa cewa yana nan da ransa, dariya ma yake yi. Wuri ya kaure da sowa. Da wannan aka rufe maganar lafiyar mutumin da ake shirin ɗora wa ƙasa mai mutum miliyan 140. An tabbatar yana numfashi. Amma me ke damunsa, kuma in ya kwanta wa zai riƙe ƙasar, wannan ba a taɓo ba. A Arewa kuwa, duk wanda ya ɗaga maganar a majalisar shayi sai a ce baƙin ciki yake yi mulki zai dawo gida.

Ba abin mamaki ba ne. Mu mutane ne da aka yi wa tarbiyya a kan rufa wa majinyaci asiri. Ka je dubiya ka tarar mutum ba ya iya ɗaga kai, ka ce ya jiki, a ce maka da sauƙi, kai ma ka ce Allah ya ƙara sauƙi ka tashi. Tambayar sunan cutar rashin ta ido ne, zancen wanda zai gaji babba tun yana raye kuwa kamar yi masa fatan mutuwa ne. A cikin gida wannan kyakkyawar ɗabi'a ce, ban kuma so mu rabu da ita. Sai dai na zauna kusa da wani majinyaci wanda abincin mutane da yawa ke rataye a sa hannunsa, na ga abin da wannan kara ke jawowa.

Baffana ɗan kasuwar hatsi ne, irin waɗanda in kaka ta yi sukan cika sito da gero da dawa da wake su jira bazara. Ina ɗalibi nake riƙe masa littafin lissafi, daga baya na zama mai kai shi asibiti. In ya damƙi wake ya murza a tafin hannu, zai gaya maka yankin da aka noma shi, da ko zai kai damina ƙwari ba su huda shi ba. In dillalai biyu suka saɓa, rumfarsa ake zuwa, kuma ba a tashi sai an yi musafaha. Da safiyar 12 ga Janairu 2010 muna zaune a zaurensa BBC ta sako muryar 'Yar'aduwa daga Jidda, bayan kwana hamsin ba wanda ya ji ɗuriyarsa. Murya ce can ƙasa, ana jan numfashi tsakanin kalma da kalma. Baffa ya saurara har ƙarshe, ya rage ƙarar rediyon, ya ce da ni: "Ɗan nan, ku yi wa bawan Allahn nan addu'a. Masu riƙe da shi ba su ji tausayinsa ba."

Yaran da za su fara kaɗa ƙuri'a yanzu ba su san watannin nan ba, don haka bari in ɗan tsaya a kansu. 'Yar'aduwa ya bar Abuja ranar 23 ga Nuwamba 2009 zuwa asibitin Sarki Faisal da ke Jidda. Likitansa ya ce kumburi ne a jakar da ke lulluɓe da zuciya, ko da yake tun yana gwamnan Katsina ake zancen ciwon ƙoda. Ya tafi bai rubuta wa Majalisar Tarayya takardar miƙa aiki ga mataimakinsa ba, sashe na 145 na kundin tsarin mulki kuma, yadda yake a lokacin, bai tilasta masa ba. Goodluck Jonathan yana zaune a ofis, ba shi da ikon sa hannu a madadin maigidansa. Ƙarshen Disamba ya zo, babban jojin ƙasa Idris Kutigi zai yi ritaya, babu shugaban da zai rantsar da magajinsa, sai shi Kutigin ya rantsar da Aloysius Katsina-Alu da kansa. Aka ce an kai ƙarin kasafin kuɗi Jidda an sa masa hannu a gadon asibiti, mutane suka yi ta musu a kan hannun wa ne. Rikici ya ɓarke a Jos a watan Janairu. A ƙarshen watan nan ministoci suka zauna suka yanke, ba tare da sun yi ido huɗu da shi ba, cewa shugaban ƙasa bai gaza aiki ba. Dora Akunyili ce ta fara fasa ƙwai a cikinsu. Sai ranar 9 ga Fabrairu 2010, bayan kwana 78, Majalisa ta fake da hujjar larura, ta ɗauki waccan hira ta BBC a matsayin takardar da ba a rubuta ba, ta ayyana Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa. Bayan mako biyu aka dawo da majinyacin cikin dare, aka jibge sojoji a filin jirgi, aka shige da shi fada a motar asibiti. An bar wasu malamai da limaman coci sun shiga sun gan shi, amma muƙaddashin da ke riƙe da ƙasar ya faɗa da bakinsa cewa shi bai samu ganinsa ba. Ranar 5 ga Mayu Allah ya karɓi abinsa, yana da shekara 58.

Ina daga cikin masu ganin mutumin kirki ne. Ya bayyana kadarorinsa a fili, ya yarda cewa zaɓen da ya kawo shi akwai gyara, ya kafa kwamitin Muhammadu Uwais don yin gyaran, ya yi wa tsagerun Neja Delta afuwa, ya sauko da litar fetur zuwa naira 65. Duk da ciwo a jikinsa ya yi waɗannan. Ciwon bai hana shi zama shugaba nagari ba. Abin da ya kusa kifar da ƙasa shi ne kwanakin da aka yi ana mulki da sunansa alhali ba a san wa ke magana ba.

Bayan 'yan shekaru abin ya zo gidanmu, kuma bai zo da gudu ba. Tsufa ya fara da kunne. Baffa ya ƙi yarda kunnensa ya yi nauyi, kunya kuma ta hana shi cewa a maimaita, sai ya riƙa gyaɗa kai. Dillali zai faɗi farashi, Baffa ya gyaɗa kai, dillali ya tashi ya ce an sallama. Ga ciwon suga, ga hawan jini. Daga hantsi zuwa azahar yana nan daram, kaifin basirarsa bai ragu ba, in ana lissafi sau da yawa yakan riga ni. Da la'asar ta yi sai jiki ya mutu, abin da ya ƙi da safe in aka dawo masa da shi da yamma sai ya ce a yi kawai, don a ƙyale shi ya kishingiɗa. Ba a daɗe ba kowa a kasuwa ya gane lokacin da ake kawo wa Alhaji maganar da ba za ta yiwu da safe ba. Ya daina zuwa kasuwannin ƙauye inda a da yake jin farashi da kunnensa. Abokan da ke iya zama kusa da shi su ce masa Alhaji ka yi kuskure, ɗaya bayan ɗaya muka raka su makwanci. Waɗanda suka rage a gefensa duk masu durƙusawa ne su gaishe shi, kuma kowannensu a hannunsa yake ci.

Wannan shi ne abin da shekaru ke yi wa mai iko, kuma ba ya fitowa a hoton allon talla. Hankalin yana nan, har ya fi na da nutsuwa. Amma sa'o'in da mutum ke iya aiki a yini suna raguwa, hanyoyin da labari ke isowa gare shi suna ƙuntata, masu iya musa masa suna ƙarewa. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ne, amma sai in an bar babban ya fito ƙofar gida.

Ran da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, a daren aka yanke shawara a cikin gida cewa kada maganar ta fita. Dalilin ma ba na banza ba ne: in kasuwa ta ji, masu bin sa bashi za su yi layi, waɗanda yake bi kuma su yi kwanciyarsu. Aka ce Alhaji yana hutawa, likita ya hana shi magana da yawa. Wayarsa ta koma aljihun wani yaronsa da ya daɗe yana yi masa hidima, wanda shi ke ɗaga shi, shi ke kwantar da shi. Daga nan sai "Alhaji ya ce" ta zama doka. Alhaji ya ce a buɗe sito a sayar da wake. Alhaji ya ce a ba wane bashi. Alhaji ya ce babban ɗansa ya dakata tukuna. Banki ya mayar da cak saboda sa hannun hagu bai yi kama da na dama ba, 'yan dako suka yi mako ba a sallame su ba, tirela ta yi kwanaki a tsaye ana jiran izini. Ni da nake shiga ɗakin don ba shi magani na san akwai ranakun da ba ya iya haɗa jimla guda. Ban ce yaron nan ɓarawo ba ne, ban kuma taɓa kama shi da ƙarya ƙiri-ƙiri ba. Yakan shiga ya faɗi magana yadda yake so a amsa, Baffa ya motsa kai, ya fito ya ce an amince. Har ga Allah yana ganin kare maigidansa yake yi. Amma dukiyar da aka tara a shekara arba'in ta koma hannun wanda babu mai ikon tuhumarsa, domin a takarda ba shi ne mai ita ba, kuma duk wanda ya ja da shi ya ja da Alhaji.

Wata rana da jikin ya ɗan saki na durƙusa na ce, "Baffa, da za ka kira Yaya a gaban mutane ka ce shi ne wakilinka har ka miƙe, da hankalin kowa ya kwanta." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Kun gaji da ni ke nan." Maganar ba ta sake tashi ba. Mutumin da ya ji tausayin 'Yar'aduwa a rediyo, da abin ya zo kansa, sakin makulli ya zame masa kamar shiga kabari da rai.

A layin rumfarsa akwai wani dattijo da ya girme shi nesa ba kusa ba. Da za a yi masa aikin ido, ya tara yaransa da dillalansa bayan sallar azahar, ya faɗi abin da ke damunsa, ya nuna ɗansa na biyu ya ce shi za a tambaya, ya je banki ya ƙara sunansa a asusu. Ya yi watanni a gida. Ko buhu ɗaya bai yi ɓatan dabo ba, kuma da ya warke ya dawo ya karɓi kujerarsa.

Muhammadu Buhari ya nuna mana fuskokin nan biyu shi kaɗai. Ya hau mulki a 2015 yana da shekara 72, kuma shi da kansa ya faɗa a Afirka ta Kudu cewa ya so a ce yana da sauran ƙuruciya ya samu wannan dama, don akwai iyakar abin da mai shekarunsa zai iya. A 2017 ya tafi Landan jinya daga 19 ga Janairu zuwa 10 ga Maris, ya sake komawa daga 7 ga Mayu zuwa 19 ga Agusta, fiye da kwana 150 a shekara guda. Ya fi 'Yar'aduwa daɗewa a waje, amma ƙasa ba ta shiga irin ruɗanin 2010 ba, saboda kowace tafiya ya rubuta wa Majalisa ya miƙa aiki ga mataimakinsa Yemi Osinbajo, wanda har kasafin kuɗin shekarar ya sa wa hannu. An ci albarkacin gyaran da aka yi wa sashe na 145 bayan rasuwar 'Yar'aduwa, wanda ya ba Majalisa ikon naɗa muƙaddashi in shugaba ya yi kwana 21 bai rubuto ba. A nan Buhari ya kyauta. Sai dai har ya sauka ba a gaya wa talakan da ake jinyar da kuɗinsa sunan cutar ba, shirun kuma ya haifi tatsuniyar wai ya mutu an sauya shi da wani Jibrin daga Sudan, har sai da shugaban ƙasa guda ya tsaya a Poland a Disamba 2018 yana rantsuwar cewa shi ɗin ne dai. A watan Agusta na 2018 ɗin kuma, yana Landan, Osinbajo ya sallami shugaban hukumar tsaro ta farin kaya, Lawal Daura. Tun daga nan tafiye-tafiye suka ci gaba, takardar miƙa aiki kuwa ba a sake ganinta ba. Tun a 2016 ma uwargidansa A'isha ta shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa wasu 'yan tsiraru sun kankane gwamnatin mijinta. Wanda ya taɓa zama a gida irin na Baffa ba ya bukatar a yi masa fashin baƙi.

Masu cewa a yanka wa 'yan takara iyakar shekaru, a ce daga saba'in kowa ya koma gida, ban bi su ba. Buhari da aka yi ta yi wa lissafin kwanaki ya kammala shekara takwas, ya koma Daura, sai a Yuli 2025 ya rasu yana da 82. 'Yar'aduwa bai kai sittin ba. Seyni Kountché na Nijar ya rasu a asibitin Paris a 1987 yana da 56. Nelson Mandela ya hau yana da 75, ya yi wa'adi guda ya sauka da ƙafarsa. Ƙuruciya ma ba takardar shaida ba ce: Yakubu Gowon yana da 31 ya karɓi ƙasa, kuma mun ga matasan gwamnoni da suka yi abin da tsoho zai ji kunyar yi. Dokar 2018 da ta sauko da shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35 ta yi kyau, amma a zaɓen 2023 Atiku Abubakar na da 76, Bola Tinubu 70, Rabi'u Kwankwaso 66, Peter Obi 61, a ƙasar da rabin mutanenta ba su cika ashirin ba. Kuɗin takara ne ke tace mutane, ba kundin tsarin mulki ba. Haka kuma ban bi masu cewa shekaru lamba ce kawai ba. Su leƙa Kamaru, inda Paul Biya ke kan kujera tun 1982, ya sake tsayawa a 2025 yana da 92, kuma a 2024, da ya ɓace makonni, gwamnatinsa ta haramta wa 'yan jarida tattauna lafiyarsa.

In ka yi irin wannan magana sai a ce maka rai a hannun Allah yake, ciwo ba mutuwa ba ne, mai lafiya ma yakan riga majinyaci. Babu musu. Amma maniyyaci ba ya hawa jirgin Makka sai likita ya duba shi, ɗan bautar ƙasa ba ya shiga sansani sai da takardar lafiya, mai neman aikin soja sai an gwada shi ciki da bai, kuma ba wanda ya ce an yi shisshigi a lamarin Ubangiji. Kujerar shugaban ƙasa kuwa sharuɗɗanta, a sashe na 131, ba su wuce zama ɗan ƙasa ta haihuwa, da shekara 35, da jam'iyya, da karatun sakandare ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, wanda kuma ya fito neman a ba shi amanar sojoji da baitulmali ya riga ya tuɓe riga.

Sai dai takardar likita kaɗai ba ta cika mini ciki. François Mitterrand na Faransa ya yi alkawarin riƙa bayyana lafiyarsa, ya kuma cika, ana fitar da sanarwa a kai a kai. An gano yana da sankarar prostate tun 1981, shekarar da ya hau, sanarwar ba ta ambace ta ba sai 1992, likitan da ke sa hannu ne ya tona bayan rasuwarsa. A Amurka likitan fadar ya ce Joe Biden ya isa aiki a farkon 2024. Muhawara guda a watan Yuni, ba takarda a hannu, ba mai raɗa masa a kunne, ita ta nuna wa duniya abin da na kusa da shi suka daɗe da sani, kafin wata guda ya janye. Namu sashe na 144 kuwa ya ɗora alhakin cewa shugaba ya gaza a wuyan kashi biyu cikin uku na ministocin da shi ya naɗa, kafin shugaban Majalisar Dattawa ya kafa kwamitin likitoci biyar, ɗaya daga ciki likitan shugaban ne na kansa. Wa zai ɗaga hannu ya kori kansa daga aiki?

Shi ya sa yanzu in ana kamfe ba na tsayawa kallon bidiyon ɗan takara yana tuƙa keken motsa jiki ko yana taka rawa a dandamali. 'Yar'aduwa ma ya taɓa ƙalubalantar masu zancen lafiyarsa da su zo a buga sikwash. Ina so in ga ko zai zauna awa biyu gaban masu tambayar da ba shi ya zaɓo su ba, har a kai tambaya ta ashirin. Ina duba tarihinsa: da yake gwamna ko minista, in zai yi doguwar tafiya yakan miƙa wa mataimakinsa aiki, ko kuwa da makullin yake tafiya? Ina duba mataimakin da ya ɗauko, ko mutum ne da za a iya bar wa ƙasa gobe da safe, yadda Ghana ta rantsar da John Mahama a ranar da John Atta Mills ya rasu a 2012, ko kuwa an ɗauko shi ne don a cike gurbin yanki da addini kuma don ba zai taɓa ɗaga kai ba. Fiye da komai ina kallon mutanen da ke tsaye a bayansa, masu karɓar wayarsa, masu amsawa a madadinsa, domin in jiki ya ƙi, su ne za mu wayi gari a hannunsu ba mu zaɓe su ba.

Ba su ma cika ɓuya ba. A Disamba 2022, a zauren Chatham House da ke Landan, Tinubu ya karanta jawabinsa, da aka zo tambayoyi sai ya rarraba da dama daga ciki ga 'yan tawagarsa. Magoya bayansa suka ce haka shugaba mai aiki da jama'a yake yi, 'yan adawa suka ce gazawa ce, aka yi mako ana cacar baki a Facebook. Ni sunayen na rubuta. Wale Edun ya zama ministan kuɗi, Dele Alake ya zama ministan ma'adinai, Femi Gbajabiamila kuma ya zama shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ofishin da ke tsara wanda zai shiga ya gan shi da takardar da za ta isa teburinsa.